Ramar da Lafaya Ta Ɓoye

Wulari, Maiduguri

Zuwa ga 'yata Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Azare lafiya, ke da mijinki Sulaiman. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baki, Ya sa ɗakin da kika shiga ya zame miki inuwa.

Na san za ki yi dariyar rubutuna, wannan bokon da na koya da furfura a ajin yaƙi da jahilci, kamar kaji sun yi tono. Za ki kuma yi mamaki, don ni da ke tun kina goye da Larabcinmu na Shuwa muke magana, yau ga shi na ɗauko Hausa. Akwai dalili, ki yi haƙuri sai kin kai ƙarshe. Safiya uku na yi ina rubuta ta, bayan na dawo daga masallaci kafin gida ya cika da 'yan biki, na kuma sa ta a akwatinki na turare don na san shi za ki fara buɗewa.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Maganar ranar nan ce, wata biyu kafin ɗaurin aurenki, da muka fito daga asibiti bayan an ce hoton cikinki ya nuna ƙullutun ruwa a ƙodarki irin na mahaifiyarki, jininki kuma ya fara hawa. Kika kama hannun rigata a bakin ƙofa kika ce, "Abba, don Allah kada Sulaiman ya ji. Danginsa za su ce an kawo musu mara lafiya." Na yi miki alkawari, kuma har yau ban karya ba. Amma alkawarin nan ya hana ni sukuni, domin na san inda shiru irin wannan yake kai mace. Da hannuna na taya mahaifiyarki yin sa.

Ke ba ki san Hajja Kaltum ta da ba. Kin san ta a gidan siminti na Wulari, ni kuwa na san ta a zangon makiyaya gabas da Dikwa, doguwa, kitsonta har kafaɗa, tana kaɗa nono a gora tana kiran kowace saniya da sunanta. In ta soya man shanu da albasa, har zangon maƙwabta sai an san Kaltum ce a bakin murhu. Shekarar da fari ya cinye garken mahaifina muka shigo birni, muka kama ɗaki ɗaya a Old Maiduguri, rufinsa yana yoyo, akuya tana kwana a bakin ƙofa. Ni na koma dillanci a kara, kasuwar shanu, ita tana sayar da man shanu a kwalabe da turaren wuta. Cikin shekara guda ta iya Kanuri har tana yi wa matan unguwa ba'a da shi, ni kuwa har gobe in na yi gaisuwar "wushe" sai an gane baƙo ne. Wallahi ina kewar ɗakin nan mai yoyo fiye da yadda zan iya faɗa miki.

Tun daga zango muka taho da ƙa'idarmu ta cin abinci, ba mu taɓa tambayar ta ba. Maigida ne ke fara ci, shi kaɗai a zaure ko da baƙinsa. Tsoka mai kyau tasa ce, tozo nasa ne, man shanu cokali biyu a kan biskinsa. Uwargida sai ta sallami kowa sannan ta zauna can kusa da murhu da abin da ya rage. Shekara talatin da wani abu muna tare, Yagana, ban taɓa leƙa kwanon mahaifiyarki na ga abin da ke ciki ba. Kuskurena na farko daga nan ya tsiro.

Kin tuna lokacin da ƙodarta ta gaza aka fara yi mata wanki, Litinin da Alhamis, awa huɗu a jikin inji, da bututu a gefen wuyanta. Kina makaranta a lokacin, ni ke raka ta. Likitar sashen wata yarinya ce 'yar Biu, sa'ar yayarki, mai magana a hankali. Wata rana ta dubi tumbina ta ce, "Baba, tunda kullum kana nan zaune, kai ma bari a auna jininka." Aka auna, aka ce kitsen jinina, wanda suke kira kwalastarol, ya yi yawa, in ban rage tozo da man shanu ba zuciyata za ta iya bugawa.

Sai gida ya ɗauka kamar an ce gobara. Matar da ake wanke wa jini sau biyu a mako ita ta zama mai gadin zuciyata. Ta kwashe kwalaben man shanu ta rabar, ta hana ƙwai shigowa, nama sai ranar Juma'a, shi ma an yanke masa kitse har ya zama kamar igiya. Alhali ita an gaya mata ta riƙa cin farin ƙwai da tsoka da ɗanyen kifi, saboda injin ba datti kaɗai yake ja ba, yana tafiya da wani abu na ƙarfin jiki. Na taɓa tuna mata sau ɗaya, sai ta ce, "Alhaji, ni in zauna ina cin ƙwai kai kana kallon dafaffen zogale? Allah Ya kiyaye." Na yi dariya, kaina ya kumbura, na je kara ina ba abokai labarin irin matar da Allah Ya ba ni. Dama ciwon ya kashe mata sha'awar abinci, sai ga shi ta samu hujjar da ba wanda zai yi mata musu.

Bayan 'yan watanni aka sake auna mu tare. Nawa ya ɗan sauka, nata kuwa ya yi ƙasa can. Na riƙe takardarta ina murna kamar wanda ya sayar da bijimi tun hantsi. Na ce, "Hajja, ke jininki tas yake kamar ruwan famfo, ni ne dai mai maiƙo." Ta gyara lafayarta ta ce, "To ai ni sau biyu a mako ake wanke nawa. Kai naka tun da aka haife ka bai ga ruwa ba." Muka yi ta dariya a kan bencin asibiti har mutane suna waigowa.

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana duban takardar, sannan ta ce, "Baba, ga mai lafiyayyar ƙoda irinka, yawan kitsen shi ne abin tsoro. Ga mai wankin ƙoda kuma, in ya faɗi haka, sau da yawa alama ce jiki ba ya samun abinci, ko wani ciwo yana cin sa ta ciki. Matan da ke zuwa nan ma nasu yakan ɗara na maza. To na Hajja me ya kai shi ƙasa haka? Me take ci a gida?" Ni na amsa. Na ce tana ci sosai, alhamdulillahi. Ban yi ƙarya da gangan ba, ban dai sani ba ne, kuma ban san cewa ban sani ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sana'ata. Ni ne fa dillalin da ake kira daga wancan gefen kara in zo in duba dabba. Tun daga nesa nake gane saniyar da tozonta ya fara kwanciya, in shafa haƙarƙarinta in ce wa mai saye ya bar ta, akwai abin da ke cin ta. Ko yaron da ya fara kiwo jiya ya san saniyar da kitsenta ya zube ba lafiya ta ƙara ba. Amma da aka rubuta mini wannan magana da lambobi a takarda, sai na yi murna. Lafaya kuma ta taimaka mini wajen makanta. Kin san yadda mahaifiyarki ke naɗa ta, ninki a kan ninki, ga ƙamshin humra, ga murmushi. Duk wanda ya gan ta sai ya ce jiki ya yi kyau.

Don haka ki ji, uwata. Ki ci abinci a inda mijinki zai ga kwanonki, in da hali ma ku sa hannu a kwano ɗaya, ko da dangi za su ce kin mallake shi. Kada ki ɗauki dokar da likita ya kafa wa wani ki ɗora wa kanki don kara ko don ƙauna. Abin da ya zama magani ga jikina shi ya zama yunwa ga jikinta. In an ba ki takardar gwaji, kada ki yi murna ko baƙin ciki da hawa ko saukar lamba sai kin tambaya me take nufi ga mai irin ciwonki, mace, mai shekarunki.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don shi da girman kai na yi shi. A wajenmu in namiji ya raka matarsa gaban baƙo, shi ke magana. Haka na ga mahaifina yana yi, haka na yi. Likita ta ce, "Hajja, yaya barci?" in ce lafiya lau. "Numfashi fa, in kin yi tafiya?" in ce ba matsala. Hajja tana gefe tana wasa da bakin lafaya, iyakarta ta ce, "Da sauƙi." Wata Alhamis likitar ta ce, "Baba, ko za ka ɗan ba mu wuri, ina son in yi magana da Hajja ita kaɗai." Yagana, sai na ji kamar an mare ni a kasuwa. Na ce mata matar da na zauna da ita tun kafin a haifi ita likitar ba ta da wani sirrin da ya fi ƙarfin kunnena. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Baba." Na ƙi fita. Hajja ta ce da sauƙi, muka taho gida, ina ta faɗa a cikin keke a kan rashin kunyar yaran zamani.

Sau nawa na koma ranar nan a zuciyata, na tashi na fita na zauna a ƙarƙashin darbejiyar asibiti minti goma kacal. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na tsaya a waje ina rantsuwa rufin lafiya yake. Wataƙila da Hajja ta gaya wa likitar, 'yar'uwarta mace, cewa tana haki in ta tashi daga sujada, cewa ko ƙamshin miya ba ta so. Da na sani ƙeya ce, na yarda, amma ke a gabanki take tukuna. In kin shiga wajen likita, bakinki ne zai yi magana. Ki faɗi inda ke ciwo da sunansa, ko da wuri ne na kunya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kalmar nan "da sauƙi" ki ajiye ta don masu zuwa dubiya, kada ki kai wa likita ita.

Na uku shi ne mafi wuyar rubutawa a gare ni. Ni a sanina ciwon zuciya na maza ne. Abokaina biyu na kara haka suka tafi, manyan mutane masu tumbi, kowanne ya dafe ƙirji ya faɗi. Ban taɓa jin an ce wance zuciyarta ta buga ba, sai dai a ce ta kwanta dama bayan gajeriyar rashin lafiya. Likitar nan ta taɓa gaya mana, ina ji da kunnena. Ta ce 'yar garkuwar da Allah Ya ba mata a kan ciwon zuciya, ciwon ƙoda yakan karya ta, kuma mai wankin ƙoda, mace ko namiji, zuciyarsa ce ke ɗauke da kaya mafi nauyi, ga ruwan da ke taruwa, ga hawan jini, ga ƙarancin jini. Ta ce na mace ba lallai ya zo da kamun ƙirji ba, yakan zo da gajiya ko tashin zuciya ko ciwon baya. Na gyaɗa kai, amma a raina na ɗauka da ni take, ta dai sakaya ne don kada in tsorata.

Ranar wata Talata, cikin zafin nan na bazara da ko ƙadangare ba ya fitowa, Hajja ta ce muƙamuƙinta yana mata ciwo, da tsakanin kafaɗunta, kuma zuciyarta tana tashi. Gumi yana karyo mata. Na ce zafi ne, kowa gumi yake yi. Da ta ce kamar wani abu ya tokare mata a saman ciki, sai na ce ƙwannafi ne, na jiƙa mata 'yar kanwa kamar yadda muke yi tun a zango, mu sha mu ba shanu. An hana ta kanwa tun ranar farko, na sani, amma na ce ɗan wannan ba zai yi komai ba. Ta sha don kada ta ƙi abin da na miƙa mata. Na ce ko mu tafi asibiti, ban dai faɗe shi da ƙarfi ba. Ta ce, "Jibi Alhamis ai za mu je. Kai dai ka sha maganinka?" Na ce na sha. Ta ce to alhamdulillahi.

Laraba da hantsi tana zaune a tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, tana haɗa turaren wuta. Na tambaye ta na wane ne, ta ce, "Na Yagana ne. Turaren amarya sai ya kwana biyu yake kama jiki." A lokacin ko maganar aurenki ba a fara ba. Ta cika kwalba ta rufe, ta ce, "Alhaji, zo ka riƙe mini wannan." Na karɓa, sai na ga ta jingina da bishiya, leɓenta ya canja launi.

Na sunkuya na ɗauke ta zuwa bakin titi. Yagana, hannun nan nawa ba ya kuskuren nauyin dabba, ko buhu na ɗaga sai in faɗi mudun da ke ciki. Da na ɗaga mahaifiyarki sai na ji kamar maraƙin kwana bakwai. Yatsuna suka shiga tsakanin haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya ta cikin lafaya. A nan, tsakanin ƙofar gida da keke, na gane abin da takardar nan take faɗa mini tun watanni. Kafin la'asar Allah Ya karɓi abarsa. Likitoci suka ce zuciya ce, kuma tun jiya ta fara.

Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, ni kuwa nawa na ɗaure na saki nata. Ga ni nan shekara uku bayanta, mai kitsen jinin da aka tayar da gida dominsa, ina haɗiyar ƙwayata kullum, ina cin dafaffen zogale ni kaɗai a zaure. Ki riƙe wannan da kyau: duk ranar da kika ji gajiyar da ba ki san dalilinta ba, ko haki, ko ciwon muƙamuƙi da baya, ko tashin zuciya da gumi, kada ki jira wata Alhamis. Kada ki bari kowa ya ce miki ƙwannafi ne, ko da mai ƙaunarki ne, ko da ni ne.

Yanzu bari in dawo kanki. Cikin satin bikin nan na gan ki. Na ga kin ɓare takardar jikin kwalbar maganin hawan jininki don kada a gane, na ga kina haɗiye shi a bayan ƙofa da sauri kamar mai sata. Ranar lalle na ga ƙafarki ta ɗan tasa, na tambaye ki, kika gyara lafaya kika ce, "Da sauƙi, Abba." Muryarta ce sak. Sai na koma zaure na zauna.

Naki bai kai ko'ina ba tukuna. An gaya mana in an tsare hawan jinin, an rage gishiri, ana zuwa gwaji a kan lokaci, ana iya jan shekaru masu yawa cikin lafiya. Amma wannan aikin ba na mutum ɗaya ba ne a ɓoye. Wa zai hana a zuba gishiri da dunƙule a tukunya in bai san dalili ba? In Allah Ya kawo rabo kika samu ciki, wa zai gaya wa masu awo abin da ya kamata su sa wa ido? In wata rana kika jingina da bango leɓenki ya canja, me Sulaiman zai ce musu a asibiti? Zai ce lafiyarki ƙalau, kamar yadda na ce, kuma shi ma ba ƙarya zai yi ba.

Na duba yaron nan kamar yadda nake duba abin da zan saya wa kaina. Na ga yadda yake jira ki gama magana kafin ya sa baki, abin da ni sai da na tsufa ban koya ba. Ban ce ba zai girgiza ba, ban kuma ce danginsa ba za su yi surutu ba. Za su yi, su gaji. In kuwa ya zama mutumin da ƙullutun ruwa zai kore shi, gara mu sani yanzu, ɗakinki na Wulari yana nan ban ba kowa ba. Amma ban zaci haka daga gare shi ba. Ni dai tsoro nake ji, Yagana, in faɗa miki gaskiya. Na binne mace ɗaya da "da sauƙi" a bakinta, ba ni da ƙarfin ta biyu.

To ga dalilin Hausar. Sulaiman ba ya jin Larabcinmu. Na yi miki alkawari ba zan gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba, takardar nan taki ce, sunanki ne a kanta. In kin ga dama ki yage ta. Amma na san nauyin bakinki, gadonsa kika yi, na san za ki shekara kina neman ta inda za ki fara. Shi ya sa na fara miki. Kwalbar da na naɗe takardar nan a jikinta ita ce wadda mahaifiyarki ta ba ni in riƙe mata, shekara uku ke nan ina riƙe da ita, yau na sauke. Ki ɗebi kaɗan ki zuba a kasko, ki kira mijinki ya zauna, ki miƙa masa takardar ya karanta da kansa tun daga sallama.

Sulaiman, in ta kai hannunka, ga amana nan. Ka leƙa kwanonta. In likita ya ce ka ba su wuri, ka fita.

Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah Ya tsare ƙodarki da zuciyarki, Ya tsare fitarki da shigarki, Ya sa in ji muryarki kina faɗin gaskiyar jikinki ko da ba mai daɗi ba ce. Allah Ya jiƙan Hajja Kaltum, Ya yafe mini abin da na gaza a kanta, Ya haɗa mu a inda ba ciwo. Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Alhaji Jidda